Tambayoyi da Amsoshi a kan Koyar da Ɗaliban Jami'a Yadda Muhalli Yake Shafar Lafiyar Ɗan Adam

Waɗannan tambayoyi ne da malamai da ɗalibai da masu tsara manhaja suke yawan yi idan aka zo batun sanya darasin muhalli da lafiya a jami'a. An amsa su ne ana la'akari da halin da jami'o'in Najeriya da Nijar suke ciki, inda ɗalibai suke da yawa, kayan gwaji suke da ƙaranci, amma kuma abin da ake son a koyar yake nan a bakin ƙofar makarantar.

Mene ne ainihin abin da wannan darasi yake koyarwa?

Darasin yana koya wa ɗalibi bin sawun cuta tun daga inda ta taso har zuwa jikin mutum. Kowace matsala ta lafiyar muhalli tana da tushe, kamar masana'anta ko masai ko murhu; tana da hanyar da take bi, wato iska ko ruwa ko ƙasa ko abinci; tana da ƙofar da take shiga jiki, ta numfashi ko ta baki ko ta fata; sannan akwai yawan abin da ya shiga da tsawon lokacin da aka ɗauka yana shiga, waɗanda su ne suke yanke ko mutum zai kamu ko ba zai kamu ba. Ɗalibin da ya iya jera waɗannan matakai a kan matsalar da bai taɓa gani ba, kuma ya iya nuna wurin da ya fi sauƙin katse hanyar, shi ne ya fahimci darasin, ko da bai haddace sunayen sinadarai masu yawa ba.

Girman lamarin ma ya isa dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum miliyan 13.7 ne suka mutu saboda dalilan muhalli da ake iya gyarawa, wato kashi 24 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya a wannan shekara. Kusan mutuwa ɗaya ke nan cikin kowace huɗu, kuma ƙananan yara da tsofaffi ne suka fi ɗaukar nauyin.

Ashe ba ɗaliban likitanci kaɗai wannan ya shafa ba?

A'a, kuma wannan zato yana cikin abubuwan da suka fi hana darasin yin amfani. Likita yakan ga mutum ne bayan abin ya riga ya faru. Wanda ya yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse injiniya ne, wanda ya ba da izinin gina gidaje a hanyar ruwa mai tsara birane ne, wanda ya ba manomi shawarar maganin ƙwari malamin gona ne, kuma kowannensu ya ratsa jami'a ko kwaleji kafin ya kama aiki.

Abin da ya faru a Bangaladash ya kamata kowane ɗalibin injiniyanci ya sani. Daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a ƙasar domin a raba mutane da ruwan kududdufi da ke kashe yara da gudawa, niyyar kuwa mai kyau ce, amma ba a gwada ruwan don neman sinadarin asenik mai guba ba. Sai a 1993 aka tabbatar da cewa yana cikin ruwan, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. Irin wannan ya faru kusa da mu, a Tibirin Gobir da ke jihar Maraɗi, inda tun daga tsakiyar shekarun 1980 aka yi shekaru ana ba gari ruwan da sinadarin fuloraid ya yi masa yawa ƙwarai, fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, har ɗaruruwan yara suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe da haƙora a lalace. Ruwan garau yake, ba ya wari. Gwajin da ba a yi ba tun farko ne ya jawo nakasar da ba ta da magani. Saboda haka ɗaliban injiniyanci, noma, tsara birane, shari'a da aikin jarida duk suna da rabo a wannan darasi, ko da zurfin da kowa zai shiga ya bambanta.

Da wane misali ya fi dacewa malami ya fara?

A ganina babu misalin da ya kai gubar dalma ta Zamfara, domin duk abin da darasin yake son koyarwa yana cikinsa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, suka lura cewa yara suna mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran suna amai, suna farfaɗiya, suna suma, alamomin da suka yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi aiki ba. Da aka gwada jininsu sai aka ga dalma ce. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda, kuma kusan duk waɗanda aka gwada daga cikin masu rai suna da dalma a jini da ta kai matakin da ake buƙatar magani cikin gaggawa. An ƙiyasta cewa yara wajen 400 ne suka rasu gaba ɗaya.

Abin da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansa shi ne hanyar da gubar ta bi. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, sai mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega suka koma haƙo dutsen da ke ɗauke da ita, wanda kuma yake ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo dutsen cikin gida, ana fasa shi, ana niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida, ana wanke shi a bakin rijiya. Ƙurar tana sauka a daɓen ɗaki da kan tabarma da kwanon abinci, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma hanjin yaro yana tsotse dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba. A wasu wurare dalmar da aka auna a ƙasa ta wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin ƙasar.

Sannan sai darasin magani. Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi ga yaron da zai koma ya kwanta a kan wannan ƙasar tamkar kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Dole aka fara kankare saman ƙasar kowane gida, aka kwashe aka binne a wuri na musamman, aka zuba sabuwa, sannan magani ya yi tasiri. A Bagega sai a 2013 aka yi wannan aiki saboda jinkirin sakin kuɗi, yaran garin kuwa suna nan suna jira duk tsawon lokacin. Shekara biyu bayan haka, a 2015, irin wannan guba ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Malami zai iya shafe makonni uku a kan wannan labari, ya fitar da ilmin guba, ilmin bin sawun cututtuka, tattalin arziki da aikin hukuma daga cikinsa, ya kuma tambayi ɗalibai tambayar da ta fi wuya: me za a gaya wa magidancin da haƙar zinariya ta fi masa noma samu, tun da an san hana shi da baki kawai ba zai sa ya daina ba?

To me ya sa har yanzu ake koyar da tsofaffin labaran Turai da Asiya?

Saboda hanyar tunanin da ke cikinsu. A 1854 Dakta John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho ta Landan, ya gano cewa mafi yawansu suna ɗibar ruwa a famfo guda, ya sa hukumar unguwar ta cire hannun famfon, alhali a lokacin ba a ma yarda cewa ƙwayar cuta ce take kawo kwalara ba. Ɗalibi ya koyi cewa ana iya ɗaukar mataki da hujja mai ƙarfi kafin a gama sanin komai. Hayaƙin gawayin kwal da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane cikin 'yan kwanaki, ya kuma haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. A Minamata ta ƙasar Jafan, inda aka gane cutar a 1956, zaibar da masana'anta ta zuba a teku ta taru a jikin kifi ta lalata jijiyoyin masunta da jariran da ke ciki. Wannan na ƙarshe bai yi mana nisa ba, domin da zaiba masu haƙar zinariya a yankinmu suke kama ƙwayar zinariyar, sannan su ƙona ta su shaƙi tururin.

Me ya kamata a koyar game da iska?

Abu na farko shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira PM2.5, masu ratsawa har can ƙarshen huhu, wasu ma su shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da take ba da shawara zuwa maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, daga 10 da take a da, domin an ga cewa illar tana farawa tun a ƙasa da yadda ake zato. Illar kuwa ba ta tsaya ga tari da asma ba; ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna cikin manyan abubuwan da gurɓatacciyar iska take kashe mutane da su.

Ɗalibai sukan ɗauka cewa gurɓatar iska matsalar masana'antu da motoci ce, sai a nuna musu ɗakin girki. Hukumar ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Matar da take hura itace a murhu a cikin ɗan ƙaramin madafi marar taga, da goyo a bayanta, ita da jaririn suna shaƙar abin da ya ninka iyakar nan sau da yawa, safe da yamma, shekara da shekaru. A nan ne kuma ya dace a yi bayanin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda take kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kunna janareta a cikin gida ko an shigar da kaskon gawayi ɗaki lokacin sanyi an rufe ƙofa.

Hunturu yana da nasa babi. Yawancin ƙurarsa tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Bushewar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma a wannan lokaci na rani ne sanƙarau yake ɓarkewa a yankin da ya miƙe daga Sanigal zuwa Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. Allurar rigakafin da aka fara yi a 2010 ta karya lagon nau'in A na cutar, amma sauran nau'o'in suna nan, cunkoson masu kwana a ɗaki guda kuma yana nan.

Ruwa fa? Ai kowa ya san ƙazamin ruwa yana sa cuta.

Kowa ya sani, amma kaɗan ne suke iya nuna inda ruwan ya ƙazantu. Ruwa yana iya fita tsab daga famfo ya gurɓata a jarkar ɗan garuwa, ko a randar gida da kowa yake tsoma moɗa a ciki. Rijiya tana iya zama kusa da masai fiye da mita 30 da aka saba ba da shawara, a unguwar da gidaje suka haɗe babu fili. Bututun ruwa yana iya ratsa kwata, idan an ɗauke ruwa sai ya zuƙo ƙazanta ta inda ya tsage. A 2021 Najeriya ta samu rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton kwalara ce ta kama su, fiye da 3,500 suka mutu, jihohin arewa kuma su ne suka fi jin jiki. Ɗalibi yana buƙatar ya san wanne daga cikin waɗannan hanyoyi ne yake aiki a unguwar da aka tura shi, domin gyaran kowanne daban ne.

Akwai kuma cututtukan da aikin raya ƙasa da kansa yake kawowa. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Diama a kan kogin Sanigal a 1986, ruwan gishiri ya daina hawowa, katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya ta samu wurin hayayyafa, cikin 'yan shekaru cutar ta mamaye garin Richard-Toll inda a da ba a san nau'inta na hanji ba. Duk wanda zai yi aiki a filayen noman rani irin na Kadawa ko Bakolori ya kamata ya san wannan kafin ya zana magudanar ruwa.

Kada kuma a cika ɗalibai da labaran asara kaɗai, har su ɗauka babu abin da ake iyawa. Kurkunu misali ne na nasara. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta samu mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Najeriya. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, da masu sa ido a kowane ƙauye aka gama da shi. An ga na ƙarshe a 2008, aka ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi a 2013.

Abinci da kayan amfanin yau da kullum suna cikin darasin?

Suna ciki, kuma nan ne ɗalibai suka fi mamaki. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, ko an ajiye su a rumbu mai laima, tana fitar da gubar afulatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Idan ta yi yawa tana kisa nan take, kamar yadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Idan kaɗan-kaɗan ce tana taruwa ta jawo ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince a matsayin marar kyau ba a cika zubar da ita ba, takan ƙare a ƙuli-ƙuli ko abincin kaji.

Haka ma maganin ƙwarin da ake zuba wa wake a buhu don kada ya yi ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dikulobos da aka samu a cikinsa, waken da bai fita ba kuwa a tukunyarmu ya ƙare. Ga kuma kwalli, wanda wani nau'insa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 an gwada wanda ake sa wa wani jariri ɗan asalin Najeriya a Amurka aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Malami ya yi wannan bayani da ladabi, domin yana magana ne a kan abin da iyayen ɗaliban suka yi musu da ƙauna.

Jami'armu ba ta da kayan gwaji masu tsada. Ta yaya za a koyar da shi a aikace?

Rashin manyan na'urori gaskiya ne, kuma wajibi ne a ci gaba da neman su, amma bai isa uzurin mayar da darasin karatun allo ba. Da wayar hannu ɗalibai za su iya zana taswirar rijiyoyi da masai da juji na unguwa guda, su auna tazarar da ke tsakaninsu. Akwai 'yan kwalaben gwaji masu araha da ake zuba ruwa a ciki a ajiye kwana ɗaya ko biyu, idan ruwan ya yi baƙi alama ce ta cewa ƙazantar bayan gida ta shiga. Akwai ƙwayar gwajin kulorin da ke nuna ko ruwan famfo ya iso gida da sauran maganinsa. Akwai ƙananan na'urorin auna ƙura da za a rataya a madafi a kwatanta murhun itace da na gawayi da na gas. Littafin rajistar asibitin unguwa ma, idan an samu izini kuma an ɓoye sunaye, yana nuna watan da gudawa take tashi da unguwar da take fitowa.

Ɗalibin da ke Kano yana da abin kallo a kusa: ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, da kuma lambunan da ake shayarwa da ruwan Jakara ana kai latas da kabeji kasuwa. Idan ya tsaya a bakin wannan ruwa ya ga launinsa, ya ji warinsa, ya ga mai lambu tsaye a ciki ba takalmi yana ɗiba, tambayoyin da zai dawo da su aji sun fi waɗanda malami zai rubuta masa. Samfurin da yake buƙatar babbar na'ura kuwa ana iya tara shi a kai wani sashe ko wata jami'a sau ɗaya a zango.

Ta yaya ɗalibi zai bambanta zato da hujja?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi buƙatar haƙurin malami. Ɗalibi yakan ga masana'anta, ya ga marasa lafiya a kusa da ita, nan take ya yanke hukunci. Wataƙila ya yi daidai, wataƙila kuma masu zama kusa da masana'antar sun fi talauci, sun fi cunkoso, sun fi rashin ruwa mai kyau, waɗannan kuma su ne suke kawo cutar. A 1965 masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya jera abubuwan da ake dubawa, daga ciki akwai ƙarfin alaƙar, da maimaituwarta a wurare daban-daban, da ko sanadin ya riga cutar zuwa, da ko cutar tana ƙaruwa idan abin ya ƙaru. Ya kamata ɗalibi ya gwada su a kan bayanan da ya tattaro da hannunsa.

Kuskure na biyu, wanda na fi gani a ayyukan kammala digiri, shi ne a auna sinadari a ruwa ko a ganye, a rubuta cewa ya wuce iyaka, a rufe littafi. Wa yake shan ruwan? Lita nawa a rana? Yaro ne ko babba? Tun yaushe? Idan ba a amsa waɗannan ba, an yi aikin kimiyyar sinadarai ne kawai, ba a kai ga lafiya ba tukuna.

Wane haƙƙi ne mutanen unguwar da ake bincike a cikinta suke da shi?

Haƙƙinsu na farko shi ne a nemi izininsu da gaske, ta hannun mai unguwa ko dagaci da kuma kowane magidanci, a gaya musu abin da za a yi cikin harshen da suke ji. Gidan da maza ba sa shiga, ɗalibai mata ne za su shiga, kuma sau da yawa su ne suke samo bayanin da ya fi amfani, domin mata ne suka san inda ake ɗebo ruwa da abin da yaro ya ci. Ba a ɗaukar hoton yaro marar lafiya a yaɗa a waya.

Haƙƙi na biyu, wanda aka fi tauyewa, shi ne a dawo musu da sakamako. Unguwanni da yawa da ke kewaye da jami'o'i sun gaji da ɗalibai masu zuwa da takardar tambayoyi duk shekara, a ɗebi ruwan rijiyarsu a tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba. Idan gwaji ya nuna rijiya ta gurɓata, wajibi ne malami da ɗalibai su koma su faɗa, su nuna abin da za a iya yi yau, kamar tafasawa ko sa kulorin, su kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ya kamata wannan komawa ta zama sharaɗin ba da maki.

Manhaja ta riga ta cika. Ina za a sa shi?

A Najeriya, sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta, wannan darasi kuwa yana cikin waɗanda suka fi cancantar wurin. Inda ba a samu kwas mai zaman kansa ba, ana iya saƙa shi cikin darussan da ake da su. Ga ɗaliban likitanci da jinya, ko tambayoyi huɗu aka ƙara a cikin abin da suke tambayar majinyaci an yi babban aiki: ina kake zaune, wace sana'a ake yi a gidanku, wane ruwa kuke sha, da me kuke girki.

Ina matsayin sauyin yanayi a cikinsa?

Yana ciki, amma a koyar da shi a matsayin abin da yake ƙara wa tsofaffin matsaloli nauyi. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, irin zafin da yake kashe tsofaffi da masu ciwon zuciya da ƙoda a ɗakunan kwano. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, a Satumbar 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye sassan Maiduguri. Bayan kowace ambaliya masai yakan haɗe da rijiya, sauro ya samu wurin ƙwai. Ɗalibin da ya fahimci babin ruwa da na iska ba zai sha wahalar wannan ba.

Wace irin jarrabawa ce ta dace?

Wadda take ba ɗalibi matsala ya warware. A ba shi taswirar ƙauye, da jerin yaran da suka kamu da kwanan watan kamuwarsu, da sakamakon gwajin rijiyoyi uku, a ce ya faɗi abin da yake zargi, da gwajin da zai ƙara, da matakin da zai ɗauka kafin sakamakon ya fito. A kuma sa shi ya yi wa mutanen da ba su yi boko ba bayanin abin da ya gano, da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ko Zabarmanci, cikin minti biyar. Da yawa daga masu cin jarrabawar takarda a nan suke tsayawa, alhali wannan ne aikin da zai fi yawan zuwa musu.

Wane aiki ne yake jiran wanda ya ƙware a wannan fanni?

Tsohon aikin duba-gari, wanda tun zamanin mulkin mallaka ake horar da ma'aikatansa a Makarantar Koyon Tsabta ta Kano, ya zama sana'a mai rajista a Najeriya bisa dokar 2002, kuma yanzu ana yin digiri a kansa. Akwai hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007 ta gaji hukumar kare muhallin da aka samar a 1988 bayan an gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a tashar jirgin ruwa ta Koko. Akwai NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, da hukumomin ruwa na jihohi, da sassan lafiya na ƙananan hukumomi, da kamfanonin da doka ta wajabta musu tantance tasirin aikinsu ga muhalli kafin su fara, da ƙungiyoyin agaji masu aikin ruwa da tsabta a sansanonin 'yan gudun hijira. Gurabe a ma'aikatun gwamnati ba su kai yawan buƙatar ba, shi ya sa ya dace tsangaya ta haɗa ɗalibanta da waɗannan wurare tun lokacin da suke fita koyon aiki a shekara ta uku ko ta huɗu.